Langar Alhaji Tanko

Azumin bana ya same ni da mura. Ran nan da aka kusa shan ruwa matata Hajiya ta dama mini kunun shinkafa, ta kirɓa ɗanyar citta ta zuba saboda maƙogwarona. Ina buɗe murfin tururin ya bugi fuskata, sai na yi zuru, har ta tambaye ni ko gishiri ta zuba a maimakon sukari. Dama tun da hantsi ɗana Mubarak ya turo mini hoton shan ruwansa daga Guangzhou, don sun riga mu da awa bakwai: tuwon shinkafa, miyar kuka, ƙosai, har da fura a roba. Wai a waya yake dannawa a kawo masa har ƙofar ɗaki. Na kalli hoton na ce Allah Ya amfana, amma ƙamshin cittar nan shi ya mayar da ni garin, ba hoton ba.

Ni na je ne a ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da in ka hango baƙar fata a titi sai ka tsallaka ka gaishe shi ko ba ku jin yaren juna. Yayana ne ya aike ni daga Kantin Kwari na Kano in sayo yadi da kayan yara a kasuwar Shahe, da nufin in yi sati uku in juyo. Sati uku ya zama shida, kullum na je wurin mai kayan sai ya girgiza hannu ya ce "meyo", wato babu, in dawo jibi. Ana haka azumi ya iske ni.

A masallacin Juma'a na haɗu da Alhaji Tanko, mutumin Kumasi, dattijo mai harkar loda kaya zuwa Ghana. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaye ni inda nake kwana da abin da nake ci, da ya ji amsa sai ya ce in je in ɗauko jakata in koma ɗakinsa. Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "shi" ne, har uwar 'ya'yansa. Ɗakinsa yana hawa na uku a wani lungu na unguwar Sanyuanli, inda gidaje suka matse juna har mutum yana iya miƙa wa na tsallake ashana ta taga. Rana ba ta shiga lungun ko da wasa.

Ni duk zatona China ƙasar zafi ce a wannan ɓangaren, haka aka gaya mini a Kano, don haka da kaftani biyu da rigar sanyi guda na zo. Ashe suna da wani sanyi wanda ban taɓa gamuwa da irinsa ba, sanyi mai jiƙa. Yayyafi zai wuni yana sauka siriri-siriri, bango yana gumi, katifa kamar an shanya ta ba ta gama bushewa ba. In ka wanke safa ranar Litinin, ranar Alhamis tana nan yadda take, sai dai ta ƙara da wari. Babu garwashi, babu inda za ka jiyo ɗumi, cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Ruwan alwala kuwa ba a magana. Ƙishirwa ba ta dame mu ba a azumin nan, amma yunwa ta sanyi daban ce, tun azahar take fara sassaƙar mutum.

Lokacin shan ruwa ma sai da muka yi ta ruɗewa. Ba kiran salla, ba rana balle ka ga faɗuwarta. Akwai takardar lokuta da aka raba a masallaci, amma agogon Alhaji yana kan lokacin Kumasi, ya ƙi juya shi don wai yana so ya san abin da iyalinsa ke yi. Kullum sai ya yi lissafi da yatsu, ni kuma in ce ya yi kuskure, mu yi ta musu har lokacin ya wuce da minti goma mu sha ruwa muna harare-harare.

Abincinmu ba shi da yawa. Mai gidan ya hana girki a ɗaki, abin da muke da shi butar shayi ce ta lantarki. Alhaji yana da garin kwaki rabin buhu, da dabino, da ƙullin kuka da daddawa da yake ta ajiya ba tukunyar dafawa. Ni na zo da kilishi da yaji. Sahur gari ne da ruwan zafi da sukari. Shan ruwa kuwa sai mu gangara bakin titi wurin wani Musulmi mutumin arewacin ƙasar mai sayar da taliya, mai farar hula, wanda ya ce mu kira shi Musa. Shi kaɗai muka yarda da tukunyarsa. Duk sauran abincin garin suna muka raɗa masa muna wucewa. Agwagin da ake ratayewa a gilashi suna sheƙi, Alhaji ya sa musu "an-yi-wanka-ba-a-yi-salla-ba". Naman da ake yankawa ƙanana a cikin shinkafa "kar-ka-tambaya". Akwai wani baƙin ƙwai da na gani a kasuwa, na sa masa "ajiyar kaka". Da waɗannan sunaye muke rage wa kanmu yunwa a hanya.

Ni kuma in faɗi gaskiya, mutum ne mai tsantsani tun ina yaro. Ko a gida ba kowane hannu nake cin girkinsa ba, mahaifiyata har cewa take yi duk wadda ta aure ni ta shiga uku.

Ƙofar da ke kallon tamu ta wata tsohuwa ce, 'yar ƙarama, mai gajeren farin gashi, ita kaɗai take zaune. Yaran gidan suna kiranta Apo, wato kaka, mu ma muka bi. Ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, mu kuma abin da muka iya na yarensu bai wuce na ciniki ba. In muka haɗu a matakala sai ta yi ta magana da ƙarfi kamar ana faɗa, mu yi ta gyaɗa kai, kowa ya wuce.

Ranar farko ta azumi Alhaji ya jawo wata langa daga ƙarƙashin gado, mai murfi, mai zanen jan fure, bakinta ya ɗan ɓantare. Ya ce ta matarsa ce, kuma a China aka ƙera ta, ta je Kumasi ta yi shekaru ta dawo garinsu. Ya zuba dabino ya rufe ya miƙo mini, ya ce in kai wa maƙwabciya. Na ce wannan ba ta san azumi ba, ba ta san dabino ba. Ya ce shi dai tun da ya yi wayo bai taɓa shan ruwa ba tare da kwano ya fita daga gidansu zuwa maƙwabta ba, ba kuma zai fara a tsufansa ba. Na kai. Apo ta buɗe, ta duba, ta dube ni, ta yi wata doguwar magana, ta rufe ƙofa da langar a hannunta.

Washegari shiru. Na ce wa Alhaji langar matarsa ta koma gida ke nan. A rana ta uku, daidai lokacin da muke musun agogo, aka ƙwanƙwasa. Apo ce da langar a naɗe cikin tawul, da zafinta. Ashe su ma ba sa mayar da kwano wayam.

Muka ajiye ta a tsakiya muka buɗe. Wani farin kunu ne na shinkafa, mai kauri, ƙamshin citta yana tashi, an yayyanka ganyen albasa a kai. A ciki akwai wasu fararen gutsattsari masu laushi suna leƙowa. Na ɗauki cokali na taɓa ɗaya ya yi rawa. Na ce wa Alhaji wallahi kitsen alade ne. Ya sunkuya ya sansana, ya daɗe, ya ce shi bai ce ba, bai kuma ce a'a ba. A take ya sa masa suna "kunun wa-ya-sani".

"Ɗan Kano," ya ce, "abu uku ne. Ba mu ci, don ba mu sani ba. Ba mu mayar, don tsohuwa zai ji kunya. Ba mu zubar, don abinci ne. Ka nemi mabukaci ka ba shi."

Faɗa ta fi yi sauƙi. Na sauka da langa na tarar da masu dakon kaya a bakin lungu suna tsugune suna shan taba. Na buɗe na miƙa wa ɗaya. Ya dubi kunun, ya dube ni, ya kira abokinsa. Kafin ka ce kwabo mutum ya kai goma sha, ana nuna ni ana dariya, wani har ya laluba aljihu yana tsammanin sayarwa nake yi. Na bi ta wani lungun na gwada wata mata mai tsintar kwali, ta ja da baya kamar na nuna mata wuƙa. Yayyafi yana dukana, cikina babu komai sai dabino uku, raina ya ɓaci. Na zaga bayan gidanmu, inda wata kwata ta bi gindin bango, na waiga ba kowa, na tuntsurar da shi.

Da na hau Alhaji ya tambaya, na ce na samu wani tsoho a bayan gida, ya karɓa da murna. Ƙaryar ta fito ne kawai, ban shirya ta ba. Ya ce alhamdulillahi. Ya wanke langar da kansa, ya zuba dabino da ɗan kilishina, ya ce in mayar. Apo ta buɗe ƙofa ta leƙa ciki, ta nuna bakina tana tambaya da ido. Na shafa cikina sau biyu, na ɗaga babban yatsa. Ta washe baki, haƙoranta uku ne a gaba.

Kashegari langar ta dawo a cike har baki. Na tsaya ina kallonta. Mu ba ma iya mayarwa babu komai, ita ma ba ta iya mayarwa babu komai, to wa zai fara gajiya? Na ce wa Alhaji mu riƙe langar kawai a huta. Ya ce in ita ce ta ƙarshe da ta ba da, mu ne masu rowa ke nan. An gudu ba a tsira ba.

Haka azumin ya miƙe. Da safe in tafi Shahe a cikin bas mai cunkoso, in ji "meyo", in dawo a jiƙe. Da yamma musun agogo, ƙwanƙwasa ƙofa, langa a tawul. In sauka, in zaga baya, in juye, in hau. Wani baƙin muzuru mai yagaggen kunne ya gane lokacin, kullum ina zuwa yana zaune a bakin kwatar yana jira. Shi ne tsohon nawa. Alhaji kuwa ya ɗauki tsohon nan da muhimmanci. Ya tambayi ko yana da iyali, na ce da alama shi kaɗai ne. Ya tambayi ko yana da rigar sanyi, na ce yana da wata baƙa mai kauri. Wata rana har ya sa shi a addu'a bayan mun idar da magariba, na shafa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina azumi da rana, ina buɗe baki da ƙarya da yamma, kuma in an tambaye ni a lokacin wanne ne laifin, zubarwar ko ƙaryar ko ci da ban yi ba, ba zan iya rarrabewa ba.

Wajen goma ta tsakiya Alhaji ya fara tari. Dama yana da gyambon ciki tsoho, ya ɓoye mini, sai da na ga yana danne cikinsa da filo bayan ya sha gari. Taliyar Musa tana da yaji da mai, in ya ci sai ya wuni yana murƙususu. Na ce ya ajiye azumi, Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame. Ya ce shi da ya yi azumi a kan buhunan goro a bayan babbar mota, ba ɗan yayyafi ne zai sa ya sha ba. Dattijo ne mai taurin kai, ni ma ba baya ba, muka yi kwana biyu muna magana sama-sama.

Ana cikin goman ƙarshe sai garin ya fara wani abu da na kasa ganewa. Ko'ina aka jera ƙananan bishiyoyin lemo a tukwane, aka manna jajayen takardu a ƙofofi. Hanyar tashar jirgin ƙasa ta cika da mutane ɗauke da ƙunshi da bokitai, kamar an yi shelar a bar gari. Na je Shahe na tarar rabin rumfuna a rufe, mai kayana ya nuna mini kalanda ya shafe kwana goma sha biyar da yatsa. Sabuwar shekararsu ce ta zo, kowa yana tafiya garinsu. Alhaji ya san da ita, amma bai taɓa yin ta a garin ba, kullum kafin ta zo ya tafi, bana ne kayansa suka maƙale. Muna ganin Musa Musulmi ne ba abin da ya shafe shi. Ranar ashirin da uku ga azumi muka gangara muka tarar da ƙofar shagonsa ta ƙarfe a sauke da kwaɗo.

Daga nan abin ya zama na gaske. Alhaji ya yarda ya ajiye azumi, amma me zai ci? Gari in ya sha sai ya dawo. Kilishi ba ya ko iya kallo. Biskit da na samo a wani ɗan shago da ya rage a buɗe, ya ci biyu ya yi amai har da ɗigon jini. Mai kantin magani ya ba ni wasu ƙwayoyi, ya yi mini nuni da hannu cewa a ba shi abu mai laushi mai zafi kafin ya haɗiya. Na sayo shinkafa na zuba a butar shayi, ni da ban taɓa hura wuta ba a rayuwata. Ta yi kumfa ta toshe, ta yi ƙauri, wutar ɗakin ta ɗauke, butar ta mutu. Ko ruwan zafin ma muka rasa. Na yi maganar asibiti, ya ce ba za a kwantar da shi a inda ba zai iya cewa a juya shi gabas ba.

Kwana uku yana kwance. Mutumin da ke cika ɗaki da surutu ya koma sai ido, leɓensa ya bushe, in ya tashi fitsari sai na riƙe shi. Na ji tsoro ƙwarai. Na fara tunanin yadda ake yi da gawar baƙo a garin da kowa ya tafi hutu, da abin da zan ce wa matar da ta ba shi langa. Kuma duk yammacin nan uku langar ba ta fasa zuwa ba, da zafinta, da laushinta, daidai abin da mai magani ya kwatanta. Na ce masa larura ce, ya sha ko cokali biyar. Ya ce da zai sha, amma tsohon nan na bayan gida fa, ya saba, a wannan sanyin da me zai kwana? Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na kasa. Ni kaina kuma ban daina ganin kitsen alade a ciki ba. Na sauka na juye wa muzuru abincin da Alhaji yake bukata.

Rana ta huɗu Apo ta ƙwanƙwasa, na buɗe, na miƙa hannu. Ba ta ba ni ba. Ta leƙa ta ƙarƙashin hammatata ta hango Alhaji a kwance, ta daɗe tana kallo. Sai ta dire langar a bakin ƙofa, ta cafki hannun rigata ta ja. Ƙarfin da ke hannun tsohuwar nan ya ba ni mamaki.

Ta kai ni har kicin ɗinta, wani ɗan tsukukun wuri mai ƙaurin gawayi da mai. Ta nuna tukwanenta baƙaƙe a jere, ta kaɗa hannu alamar a'a. Ta hau kan kujera 'yar tsuguno ta sauko da wata tukunya daga saman kabad, sabuwa fil, takardar shago ba ta gama ɓarewa daga gefenta ba, an ɗaura koren zare a hannunta. A cikinta akwai ludayi da wuƙa da ɗan katakon yanka, kowanne da koren zare. Ta buɗe wani kwano ta nuna mini fararen gutsattsarin nan ɗanyu, ta gutsuro ta kai mini hanci. Awara ce. Awarar waken suya, irin wadda ake soyawa a ƙofar gidanmu. Ɗaya kwanon kuma kifi ne da ƙayarsa da jelarsa.

Sannan ta nuna bango. An manna wata takarda da rubutunsu layi-layi, wanda ban iya karantawa ba. Amma a samanta an rubuta Bisimilla da Larabci, a ƙasa kuma an sa suna, Musa.

Ban gama dawowa hayyacina ba ta sake jan rigata zuwa taga, ta tura ta buɗe, ta nuna ƙasa. Kwatar ce. Daga nan ana ganin komai, har inda nake tsayawa in waiga in ga ba kowa. Muzurun yana zaune yana jira, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Ta kumbura kumatunta ta nuna shi, sannan ta tsuke su ta nuna wajen ɗakinmu. Ba ta yi faɗa ba, ita da ko gaisuwa da ƙarfi take yi. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ban sake ba.

Na koma na ɗauki langar na durƙusa a gaban Alhaji na faɗa masa komai, tukunya da zare da takardar Musa, sannan tsohon bayan gida.

"Wato kwana ashirin ina yi wa kyanwa addu'a," ya ce.

Ya ce in tashe shi zaune. Ya yi bisimilla ya sha cokali ɗaya, muka jira. Kunun ya zauna a cikinsa, bai dawo ba. Ya sha na biyu. Apo tana tsaye a bakin ƙofa hannunta a baya, tana ƙirgawa da kai, sai da ya sha rabi ta juya. Ragowar ni na shanye da aka sha ruwa, ina sha hawaye yana zuba, ban san na citta ba ne ko na mene ne. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yana da daɗi.

Bayan hutu da Musa ya dawo na tambaye shi, da guntun Larabcinsa da guntun nawa. Ya ce tun rana ta biyu ta zo masa da langar tana tambaya me baƙaƙen nan suke ci, me ba sa ci, ya rubuta mata, har mai a wurinsa take saya. Na ce to ta san ina zubarwa, me ya sa ba ta daina ba? Ya ɗaga kafaɗa. In na fahimce shi daidai, cewa ta yi wata rana yunwa za ta ishe mu. Mai yiwuwa kuma ba haka ya ce ba, Larabcinmu duka biyu ba abin dogaro ba ne.

Amma kafin Musa ya dawo an yi Salla. Ba mu ga wata ba, gajimare bai ɗaga ba, sai labari muka samu daga masallaci. Alhaji ya fara takawa, bakinsa ya dawo, ya ce yau kukar nan da daddawar nan za su ga tukunya. Muka roƙi Apo da hannu, ta ba mu kicin da tukunya mai koren zare. Yana zaune a kujera yana ba da umarni, ni ina tuƙi ina gumi a karon farko tun zuwana ƙasar. Da daddawa ta ji wuta Apo ta buɗe taga, ta buɗe ƙofa, ta koma falo. Tuwon ya yi gudaji, miyar ta yi yauƙi yadda ake so. Ko da yake a kicin ɗinta aka dafa, Alhaji ya ce ba haka ake yi ba, sai da muka kai ɗakinmu, ya zaɓi malmala mafi kyau ya sa a langa, ya zuba miya da tsokar kifi, na fito na ƙwanƙwasa. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta ɗaga cokali miyar ta biyo shi kore shar ba ta tsinke ba. Ta dube ni ta yi murmushi ta rufe ƙofa.

Washegari da safe na zaga bayan gida neman safata da ta faɗo daga taga. A bakin kwatar, daidai inda nake tsayawa, ga malmalar tuwona nan zaune, miya ta daskare a kanta. Muzurun ya tsince kifin ya bar sauran. Na tsaya a cikin yayyafi, raina ya yi mugun ɓaci. Gumina, kukar da ta taso tun daga Kumasi, malmalar da aka zaɓa. Har na juya zan hau in nuna mata taga ni ma, sai na tuna wannan kwana ɗaya ne kawai.

Da yamma ta ƙwanƙwasa. Langar a wanke tas, da lemo biyu a ciki da ganyensu. Ta dube ni ido cikin ido, ta shafa cikinta sau biyu, ta ɗaga babban yatsa, sak yadda nake yi. Na duba fuskarta ko zan ga tsokana, ko ramuwa, ko kara ce irin wadda na yi mata, ban ga komai ba sai haƙoran nan uku. Shekara kusan talatin ke nan ina juya abin ban gano ba.

Na yi godiya da yarensu, na shiga na gaya wa Alhaji abin da na gani a kwata. Ya yi dariya har tarinsa ya tashi. Da ya lafa sai ya ɓare lemo ɗaya ya miƙo mini rabi.

"To, tsohonka ya yi Salla," ya ce. "Duba jaka, dabino ya rage? Ba a mayar da shi wayam."